Ranar Da Jitar Sanda Ta Tona Mini Asiri

Assalamu alaikum masu bin labarina. Wanda yau ya fara shigowa ya matso kusa, ba mu yi nisa ba. Sunana Balaraba, 'yar Malam Datti na Gwaram. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar Udoji, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya ruga sayen rediyo da babur. Jigawa ba a ma haife ta ba, duk muna Jihar Kano. Babu waya a hannun kowa. In kina son saurayi ya san halin da kike ciki, sai dai ido, ko ƙawa, ko ki haɗiye abinki.

Ni kuwa nawa, ko an faɗa masa ba ji zai yi ba.

Bayan na gama firamare na yi sauka, Malam ya tura ni Birnin Kudu wurin ƙanwarsa, Gwaggo Kulu, in koyi ɗinki. Gwaggo mijinta ya rasu ba ta sake aure ba, keken ɗinkinta shi ne gonarta. Keken yana cikin soro, daidai inda haske ke shigowa, matan gari da ma'aikatan jinya na asibiti kullum suna hanya da atamfofinsu. Jikin katangar gidan ta waje kuma akwai wani ɗan shago mai rufin kwano. A nan Sanda yake gyaran rediyo.

Sanda ya shiga soja yana ɗan saurayi lokacin yaƙin basasa. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau, kunne ne kawai ya bari a can. Wata babbar bindiga ce ta tashi kusa da shi. Na hagu ya mutu murus, na dama kuwa sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona. Za ku ce ta yaya irin wannan mutum zai yi gyaran rediyo? Nima haka na ce, har ran da na gan shi ya ɗora yatsa a kan takardar lasifika ya lumshe ido, ya ce wa mai rediyon, “Tana shaƙewa in an ƙara murya, ko?” Mutumin ya riƙe baki.

Dogo ne, baƙi, ba ya son hayaniya. Riga 'yar shara fara yake sawa da wando mai faɗin ƙafa irin na samarin lokacin, kuma ban taɓa ganin ɗigon maiƙo a jikinsa ba. Gwaggo ce ta gaya mini cewa kafin yaƙi, in ya ɗauki gurmi a dandali 'yan mata har mantawa suke da tallarsu. Da ya dawo sai ya rataye gurmin a ƙusa. Yana kaɗawa yana ganin yatsunsa na motsi, amma shiru yake ji.

Wata safiya ina yi wa wata rigar leshi wuya, sai ga shi ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Gwaggo.

“Gwaggo, aron kekenki na zo.”

Ta kai baki saitin kunnensa na dama. “Ɗinki za ka koma?”

Ya yi murmushi ya kwance wani ƙulli. A ciki akwai guntun maganaɗisu da ya ciro daga matacciyar lasifika, ya manna masa siraran katakai sama da ƙasa, sai kuma wani dunƙulen wayar tagulla da ya warware daga kwayil ɗin mota. Wayar nan, jama'a, gashin kaina ya fi ta kauri.

“Jita nake haɗawa, mai lantarki,” in ji shi. “Bayan an gama yaƙi na ga makaɗan soja da ita a bariki. Tun da kunnena ya tafi, ita kaɗai ce kiɗan da ya taɓa ratsa ni. Wannan wayar nake so in naɗe a jikin maganaɗisun, naɗi mai yawan gaske. Na gwada da hannu, ta ƙi yin daidai. Sai na tuna wurin nan na jikin keke da kuke naɗe zare.”

Gwaggo ta dube shi ta dubi kekenta. “Ba namijin da zai taka mini keke. Balaraba, ke ki taka masa. In ya lalace, ku biyu zan kama.”

Haka aka fara. Kullum da hantsi in aiki ya lafa, sai ya ɗaure maganaɗisun a wurin naɗin zare, ni ina takawa a hankali, shi kuma yana tsugune yana bi da wayar tsakanin yatsunsa, dama, hagu, dama, hagu. Da na ɗan yi sauri sai ta tsinke. Ranar farko ban san iyakar tsinkewar da ta yi ba. Ni da na tsinka ina jin kamar in yi kuka, shi kuwa ko tsaki. Sai ya kankare bakin wayar, ya ɗiga mata dalma ɗan mitsitsi, ya hura, ya ɗago ya ce, “Mu je.” Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da abu marar rai kamar Sanda ba. Kuma yatsun nan nasa dogaye, in suna aiki sai ka rantse suna da idonsu daban.

A nan na koyi wata mummunar ɗabi'a. Sanda da kallon baki yake fahimtar magana, in ya sunkuyar da kai shi ke nan, ka fita daga duniyarsa. To ni kuma sai na riƙa amfani da wannan. Da Gwaggo ta shiga cikin gida duba tukunya, shi kuma idonsa na kan waya, sai in ce a hankali, “Yau hular nan ta yi maka kyau.” Gobe in ce, “Wai kai ba ka gajiya ne?” Jibi in ce abin da ya fi haka. Ba ya ji, ni kuma zuciyata ta yi sanyi. Kada ku yi mini dariya, da yawanku kun sha rubuta saƙo ku goge.

Gangar jikin jitar da katakon maɗaci ya yi ta, daga wata tsohuwar ƙofa. Ya yanke, ya fafe, ya goge har tana ɗaukar ido. A jikin wuyan ya jera guntayen ƙarafunan tayar keke, kowanne da tazararsa, in ɗaya ya ɗara sauran tsayi ya bi shi da magagari. Tsirkiyoyin kuwa wayar birkin keke ya warware, ya ware masu kauri da sirara. Inda za su hau ya sassaƙa da ƙashin saniya. Ranar da ya ɗaura su ya ga sun yi nisa da wuyan har danna su na cin yatsa, sai ya kwance duka ya rage ƙashin, ya mayar. Suka yi ƙasa da yawa suna gugar ƙarfe. Ya jefar da ƙashin ya sassaƙa sabo.

Ana cikin haka saƙon Inna ya zo ta bakin wata mai kawo daddawa daga Gwaram. Wai Malam ya ce na girma, in an gama girbi yana so in fito da wanda nake so. Kuma wai Iliyasu malamin gona ya aika manyansa sun gaisa.

In faɗi gaskiya, Iliyasu ba shi da aibu. Yana da ilimi, yana da ladabi, ga sabon babur. Ya zo zance har Birnin Kudu, na ci ado da atamfa shuɗiya da gyale fari, na sa kwalli, Gwaggo ta fesa mini turarenta na cikin adaka. Muka zauna a soro yana ba ni labarin takin zamani da irin gyaɗar da gwamnati ta kawo. Ina ta “haka ne, haka ne,” amma kunnena na wajen katanga, inda magagarin Sanda ke ƙara.

Da ya tafi Gwaggo ta tsare ni da ido.

“Ke, ni ba yarinya ba ce. Na ga yadda ƙafarki ke rawa a kan keken nan in mai rediyo ya shigo.”

“Kai Gwaggo!”

“Kai Gwaggo me? Kin san yayana. A bikin yayarki Turai ko kalangu bai bari an kaɗa ba. Yanzu ki kai masa makaɗi, makaɗin ma na jita, kuma wanda sai an yi masa ihu? Malam da ko almuru ba a jin muryarsa daga zaure zuwa tsakar gida?” Sannan ta sassauta. “Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma shi ya ce yana sonki?”

Nan ta kama ni. Sanda bai taɓa cewa komai ba. Abin da na sani kawai, ya gyara wa Gwaggo rediyonta ba ta roƙe shi ba, kuma duk ran da na sa sabon ɗankwali sai ya kasa haɗa ido da ni.

Saura ɗaurin tsirkiya, wato daidaita muryar kowacce. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tausayi, kuma shi ya ƙarasa ni. Tun da ba ya ji, sai ya kafa haƙoransa a kan katakon kan jitar, ya ciza, ya taɓa tsirkiya. Wai ta haƙori sautin ke hawa masa kai. Ni kuma ya ce in saurara, in ta yi ƙasa in ɗaga hannu, in ta yi sama in sauke. Ya rera mini yadda kowacce ya kamata ta yi da muryarsa da ta daɗe ba ta yi waƙa ba, tana rawa amma ba ta kauce ba. Babban mutum, tsohon soja, ya ciji katako yana kallon hannuna kamar ransa na ciki. Na juya na share ido da gefen gyale.

Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa, bayan la'asar. Wani mai tallan magani ya kawo gyaran babbar lasifikarsa, irin mai faɗin baki da ake ɗaurawa a kan mota, Sanda ya gyara ya rataye ta a ƙofar shago tana kallon titi. Ya jawo waya daga jitar zuwa cikin wata tsohuwar rediyo da ya cire wa murfi, daga nan zuwa lasifikar, ya haɗa da batirin mota. Gwaggo ta fito ƙofar soro da carbinta, ni ina bakin shago.

Yana kunnawa sai wani gurnani ya tashi, kamar an tsokano gidan zuma. Mai shayin tsallaken titi ya miƙe tsaye. Sanda ya ɗora tafin hannu a jikin lasifikar ya ji rawar da take yi, ya girgiza kai, ya ɗauko wata guntuwar waya ya ɗaura daga gindin tsirkiyoyin zuwa jikin rediyon. Gurnanin ya kwanta.

Sai ya yi bisimilla ya taɓa tsirkiya ɗaya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sauti ne mai kauri, mai tsawo, ya fita ya bi titi har sai da jakin wani mai itace ya ja da baya. Sanda ya daskare. Ya sake taɓawa. Sai yatsun nan suka tuna abin da suka sani, ya saki wani kiɗan gurmi na dandali, amma da muryar ƙarfe. Masu dawowa daga kasuwa suka tsaya da kayansu a ka. Wata tsohuwa da ta san gidansu Sanda ta ce, “La ilaha, ɗan gidan Talatu ya dawo!” Shi kuwa hawaye na zuba har kan farar rigarsa, bai ko share ba.

Ya tsaya ya kwantar da jitar a kan tebur. “Balaraba, zo ki taɓa mini. Ina so in tsaya a gabanta in ji yadda mutane ke ji.”

Na dubi Gwaggo, ta ɗaga kai. Na shiga. Shi ya fita ya tsaya gaban lasifikar, ya ba ni baya, ya kara kunnensa na dama. Na sunkuya sosai a kan jitar ina neman tsirkiyar da zan taɓa, bakina dab da maganaɗisun nan da muka naɗe tare. Zuciyata ta cika fal. Ga bayansa, ga ɗabi'ata. Sai kawai na ce:

“Sanda, ni kai nake so, ba mai babur ba. Ko ka ji ko kar ka ji.”

Wayyo Allah. Muryata ce ta fito ta bakin lasifikar mai tallan magani. Ta ɗan shaƙe, tana amo kamar daga cikin tulu, amma ko ɗan yaye ya gane abin da aka ce.

Daga baya ne ya yi mini bayani. Ashe naɗin wayar sai an tsoma shi cikin narkakken kakin zuma ya daskare, in ba haka ba sako-sako yake, duk abin da ya girgiza shi sai ya ɗauka, har muryar mutum in ya matso. Shi kuma ɗoki ya sa bai tsoma ba tukuna.

Titi ya yi tsit. Sai mai shayi ya ce, “Mun ji, wallahi mun ji!” Aka fashe da dariya da tafi, wata har da guɗa. Sanda ya juyo a hankali. Ban taɓa ganin fuska irin wannan ba, kamar wanda aka tasa daga barci aka ce masa ya samu kujerar Makka.

“Balaraba,” ya ce, “ashe haka muryarki take.”

Ban tsaya ba. Na ja gyale na rufe fuska na fito da gudu, sai na yi karo da mutum a ƙofar soro. Na ɗaga ido. Bappa Hambali ne, ƙanen Malam, wanda ke zuwa cin kasuwa da hatsi. Goro na bakinsa ya kasa taunawa.

Na shige ɗakin Gwaggo na faɗa bayan gado, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Gwaggo ta shigo tana dariya har tana riƙe ciki. “Sannu gidan rediyon Kaduna. Tashi, Bappanki na kira.”

Na fito na raɓe a bayan ƙyauren soro. Bappa na zaune a kan tabarma, Sanda na durƙushe a gabansa.

“Kai ɗan wane ne?” Bappa ya tambaya.

“Na'am, ni na haɗa ta,” in ji Sanda.

Bappa ya ɗaga murya. “Na ce ɗan wane ne kai!”

Sanda ya ga abin ba zai yi ba. Ya nemi izini ya fita, ya dawo da jitar da rediyon da batiri, da wata 'yar ƙaramar lasifika a madadin babbar. Ya kara ta a kunnensa, ya miƙa wa Bappa jitar ya nuna masa inda zai sa baki. Bappa ya riƙe ta nesa da jiki kamar an ba shi jaririn da ya yi kashi. Sannan ya sunkuya.

“Kana jina?”

“Ras nake jinka, Bappa.”

Bappa ya ɗago ya dubi katakon, ya dubi Sanda. “Ikon Allah. Da hannunka ka yi wannan?”

“Da hannuna, da ƙafar Balaraba. Ita ta taka keken.”

Suka daɗe. Ya tambaye shi iyayensa, da sana'arsa, da karatunsa, da inda yake sallar Juma'a. Sanda na amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba rawar murya. Da aka zo kan maganata sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Na daɗe ina sonta. Na yi shiru ne don ban ga abin da zai sa 'yar malam ta ɗauki kurma ba.”

Ni da ke bayan ƙyaure na ciji gyale.

Bappa ya gyara zama. “Abin da yarinyar nan ta yi, kafin gobe ya isa Gwaram, direbobi ba sa riƙe magana. Gara Yaya ya ji daga bakinmu. Jibi ka shirya mu tafi. Amma wannan abin ka bar shi a nan. In Yaya ya gan shi, magana ta ƙare tun ba a fara ba.”

Sanda ya ƙara rusunawa. “Bappa, ka gafarce ni. An ce Malam ba ya ɗaga murya, kuma gemu ya rufe masa baki, ba zan iya karanta leɓensa ba. In na bar ta, zai yi ta tambayata ina amsa abin da ban ji ba. Kuma ko da ina ji, ba na so ya ba ni 'yarsa bai san ni makaɗi ba ne. In zai hana ni, ya hana ni yana sane da ko ni wane ne.”

Gwaggo ta ce, “Yaro, kana da hankali kuwa?” Amma bai ji ta ba, don ba a jitar ta faɗa ba.

Bappa ya daɗe yana tauna goronsa. Sannan ya sunkuya kan tsirkiyoyin ya ce, “To ka naɗe ta da kyau. Ni zan riƙe batirin.”

Ranar tafiya Gwaggo ta ba da sabon zanenta aka naɗe jitar. Muka hau motar Gwaram, ni da Gwaggo a gaba, su a baya cikin buhuna. Muka sauka da hantsi. Tun daga nesa na hango Malam a ƙofar zaure, zaune a kan buzunsa da farin rawani, littafi buɗe a cinyarsa. Daga yadda bai ɗago da wuri ba na san labari ya riga mu isowa.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa a hankali kamar kullum. Ya dube ni, ya dubi Sanda, sannan idonsa ya sauka a kan dogon abin da ke naɗe cikin zane.

“Hambali, wannan fa?”

Bappa ya sauke batirin a gaban buzun, ya share gumi da hannun riga.

“Kunnen baƙonka ne, Yaya. Sai ka matso.”